Bangon soso da kankare: na kwance ko na tsaye?

A Kanada da arewacin Amurka, inda sanyin hunturu kan daskarar da ruwa a cikin bututu, akwai salon gini da ya samu karɓuwa wajen masu gina gidajen zama. Maimakon a kafa katako a zuba kankare, in ya kama a ɓamɓare katakon, sai a kafa allo biyu na farin soso, irin wanda ake tarar da sabon firji a cikinsa, a jera rodi a tsakaninsu, a zuba kankare, a bar soson a wurin har abada. Ranar zubi soson ya yi aikin katako, daga nan kuma ya zama rigar da ke hana zafi da sanyi ratsa bango. Masu sana'ar suna kiransa ICF. Kamfanin BASF na Jamus ne ya fito da wannan soso a farkon shekarun 1950, sannan a 1966 wani ɗan kwangila a Kanada mai suna Werner Gregori ya nemi rajistar bulon soso da ake cika cikinsa da kankare.

Yau kayan sun kasu gida biyu. Akwai na kwance, wanda ake jerawa sahu bisa sahu yadda ake jera bulo, shi ne kuma ya mamaye kasuwa: Nudura, Fox Blocks, Amvic, BuildBlock da ire-irensu. Akwai kuma na tsaye, wanda kowane allo yake tashi daga fandisho har saman bango a tsayi ɗaya, kamar na kamfanin TF Forming Systems da ke jihar Wisconsin da na Hobbs. Dillalan kowane ɓangare suna da jerin dalilan da suke ganin nasu ya fi. Abin da ba su cika faɗa ba shi ne, idan kaurin kankare ɗaya ne, rodi ɗaya, kaurin soso ɗaya, to bayan kankare ya kama babu injiniyan da zai iya bambance ƙarfin bangon biyu. Kankare da rodi ne ke ɗaukar nauyi, su kuwa ba ruwansu da inda soso ya fuskanta. Bambancin duk yana cikin 'yan kwanakin da ke tsakanin gama fandisho da tafiyar motar kankare: ta ina kuskure yake taruwa, yaya rodi yake shiga, ina ne kuma soson zai iya fashewa.

Yadda na kwance yake

Bulon da aka fi sani tsawonsa inci 48 ne, tsayinsa inci 16. Na Nudura ya fi girma, inci 96 da inci 18. Kowane gefe soso ne mai kaurin inci 2 da rabi ko ɗan sama da haka, a tsakani kuma akwai gurbin kankare na inci 4, 6, 8, 10 ko 12. Gidan zama na yau da kullum yakan tsaya a inci 6 a sama, inci 8 a ɗakin ƙarƙashin ƙasa inda ƙasa ke turo bango. Da gurbin inci 6, bangon gaba ɗaya yakan kai wajen santimita 28. Abin da ke riƙe allon biyu maɗauri ne na roba mai ƙarfi, ɗaya a kowane inci 6 ko 8. Yana da gurabe da rodi ke zama a ciki, ƙarshensa kuma yana binne a cikin soso, mai faɗin inci ɗaya da rabi, nan ne ake ɗaura sukuru daga baya. Sama da ƙasan bulon akwai haƙora da ke shiga juna.

Aikin yana farawa daga kusurwa. A ja layi a kan fandisho, a ajiye bulon kusurwa, a taho tsakiya daga ɓangarori biyu. Sahu na biyu a juya bulon kusurwa don kada gaɓa ta hau kan gaɓa. Ana so a samu saɓanin inci 8 aƙalla, maɗauran kuma su hau kan juna sak daga ƙasa har sama. Wanda ya bar maɗauri suka saɓa zai gane kurensa sau biyu: kankare zai riƙa maƙalewa a hanyarsa ta sauka, mai ɗaura allon da ke rufe soso a cikin ɗaki kuma zai yi ta laluben inda sukuru zai kama.

Bayan sahu biyu sai a tsaya a auna. Fandishon da ya yi tudu da kwari fiye da milimita 6 sai an gyara shi a nan, ko a goge ƙasan soso inda ya yi tudu, ko a cusa wani abu inda ya yi kwari, sannan a manne sahun farko da gam na soso. In aka wuce wannan mataki, gaɓoɓi za su fara buɗe baki tun daga sahu na huɗu, ba kuma yadda za a rufe su sai an sauke. Tsawon bango ba ya cika yin daidai da tsawon bulo, saboda haka dole a yi yanka a wani wuri. Gwanaye sukan kai yankan kan ƙofa ko taga, su bar gaɓar ta miƙe daga ƙasa zuwa sama a wuri ɗaya, su ɗaure ta da katako ciki da waje.

Sai maganar tsayi. Sahu 6 na bulon inci 16 ƙafa 8 ne cif, sahu 7 kuwa ƙafa 9 da inci 4. Mai son bango na ƙafa 9 sai dai ya tsaga sahu guda a kwance kewaye da gidan, ko ya sayi ƙananan gutsattsari na ƙarin tsayi. Bulon inci 18 yana ba da ƙafa 9 a sahu 6, amma shi kuma ƙafa 8 ce ba ta faɗo masa daidai. Mai zanen da ya san kayan yakan tsara tsayin bango da na tagogi da matakan fandisho bisa tsayin bulon tun a takarda, ya rage wa magina yanka da asara.

Akwai wata ɗabi'a ta bulon da sabon shiga ba ya tsammani. Idan nauyin kankare ya hau kan maɗaurai, gaɓoɓin kwance sukan matse, bangon ya ɗan zauna. Shi ya sa sandar tokara, wadda ke riƙe bango a tsaye har kankare ya kama, take da dogayen ramuka maimakon zagayayyu: ana ɗaura sukuru a saman ramin, ba a kuma matse shi tamau, don bulon ya samu hanyar sauka. In aka ɗaure shi gam, sandar za ta riƙe wasu sahu a sama, na ƙasa su sauka, gaɓa ta buɗe. Sahun ƙarshe kuma matsalarsa akasin haka ce. Ba nauyi a kansa, tiyon famfo na iya bugunsa ko kankare ya ɗaga shi, don haka ake ɗaure shi da na ƙasansa da waya ko gam.

Yadda na tsaye yake

A nan ba bulo, sai sassa uku da ke zuwa a warwatse: allon soso mai tsayin bango, sanda ta roba mai tsagi a gefe biyu, da kwararon ƙarfe da ake bugawa a kan fandisho bisa layi. A kafa kusurwa a daidaita ta, a zura allon ciki da na waje a tsaginta, a kawo sanda, a sake kawo allo, haka har ƙarshe, sannan a rufe sama da wani kwararon. Faɗin allo yana kamawa daga inci 8 zuwa 16 gwargwadon kamfani.

Amfanin da ke ciki na gaske ne. Tsayi ba ya ɗaure mai zane, domin ana yanka allo daidai yadda ake so, ƙafa 9 ne ko 10 da rabi. Fandisho mai matakai a kan gangare ba sai matakansa sun bi inci 16 ba. Ba gaɓar kwance, saboda haka ba zama, ba ɗagawa. Sandar tana tafiya daga ƙasa har sama ba yankewa, duk inda aka sa sukuru a kan layinta zai kama. Bango mai lanƙwasa yana zuwa da sauƙi, tunda siraran alluna suna bin da'ira, alhali bulon sai an tsattsaga cikinsa ko an yi odar na musamman. Kayan kuma a shimfiɗe suke zuwa, mota ɗaya ta ɗauki abin da bulon da aka riga aka haɗa zai ci mota fiye da ɗaya, kodayake wasu masu bulo, irin su Nudura, sun rage wannan tazara da maɗauri mai naɗewa.

Sai dai kuskuren da bulo ke tarawa sama, na tsaye yana tara shi ne a gefe. Sanda ɗaya ta karkata da milimita 2 a sama, ta gaba ta jingina da ita, kafin a kai allo na goma sha biyar an yi santimita 3, kusurwar da ake nufa kuma ta ƙi karɓar allon ƙarshe. Maganinsa a riƙa ɗora ma'auni bayan kowane allo uku ko huɗu, a auna nisa daga kusurwa a ƙasa da kuma a sama. Na biyu, bulo yana samun miƙewarsa daga saɓanin gaɓoɓi, kowane sahu yana ɗaure na ƙasansa. Na tsaye ba shi da wannan, kowace sanda gaɓa ce da bango zai iya lanƙwasa a kanta, don haka miƙewar bangon ta dogara da kwararon sama da katakon da aka gicciya. Na uku iska. Allon soso mai tsayin mita 3 ba shi da nauyin kirki, iska kaɗan ta ishe ta fizge shi daga hannu, bangon kuma yana kai cikakken tsayinsa tun daga allon farko, ke nan tokara tana tafiya tare da aikin, ba a jira sai an kai sahu na uku ko na huɗu kamar a bulo.

Akan ce na tsaye ya fi ƙarancin gaɓoɓi. A gwada da gida mai mita 12 da mita 10, kewaye mita 44, tsayi mita 2.84. Da bulon inci 48, gaɓoɓin kwance 6 sun ba da mita 264 a kowace fuska, gaɓoɓin tsaye tsakanin bulo da bulo kuma wajen mita 100. Da allon tsaye mai faɗin inci 16, alluna 108 ne, gaɓoɓinsu wajen mita 307. In faɗin inci 8 ne, a ninka. Ashe ba wata rata ba ce, gaɓoɓin dai sun sauya alƙibla. Iska kuwa ba ta ratsa ko ɗaya daga cikinsu, saboda abin da ke tare ta kankaren tsakiya ne.

Rodi

A bulo, rodin kwance yana shiga sahu-sahu, a danna shi cikin gurbin maɗauri. Ana saɓa shi, wannan sahu a gurbin hagu, na sama a gurbin dama, don a bar hanya a tsakani. Idan bango ya kai sama sai a zuro rodin tsaye ta wannan hanya, na kwancen su riƙe shi. A ƙasa yana haɗuwa da guntayen rodin da suka fito daga fandisho. Wasu magina sukan sa ɗan zoben bututun roba a kan guntun don ya kama bakin na tsayen. Rodin inci rabi, wato wajen milimita 12, shi aka fi amfani da shi, haɗin biyu kuma yakan hau juna da kimanin ninki 40 na kaurinsa, wajen rabin mita ke nan. Illar wannan tsari ita ce, da zarar bango ya rufe, ba mai ganin ƙasansa sai da tocila daga sama.

Tsarin da ke zuwa a warwatse ya fi a nan. Ana iya kafa fuska ɗaya, a ɗaure rodi a fili, mai duba gini ya gani da idonsa, a share ɓarɓashin soso da ya zuba a kan fandisho, sannan a rufe. Ɓarɓashin nan ba ƙaramin abu ba ne, domin in ya taru a ƙasa yana raba kankaren bango da na fandisho. Inda injiniya ya rubuta rodi mai yawa, kamar yankin girgizar ƙasa ko dogon bango mai tare ƙasa, wannan dama tana da daraja. Wahalar na tsaye tana wajen rodin kwance: sai an zura shi ta ramukan sanduna ana tafiya, a kusurwa kuma sai an yi dabarar shigar da lanƙwasasshe kafin a rufe.

Ranar zubi

Ɗanyen kankare yana da nauyin kilo 2,400 a kowace mita kubik, wato akwati mai mita ɗaya a kowane gefe, kafin ya fara kamawa kuma turi yake yi kamar ruwa. A zurfin mita 1.2, kowace murabba'in mita ta soso a ƙasa tana ɗauke da kusan tan 2.9. In aka cika bangon mita 2.8 a tashi ɗaya, turin ya doshi tan 6.7. Wannan lissafi bai san na kwance ko na tsaye ba. Dalilin ke nan da ake zubawa hawa-hawa, mita 1 zuwa 1.2 a kowane zagaye, kimanin zagaye ɗaya a sa'a, don na ƙasa ya fara ƙarfi kafin na sama ya hau shi. A lokacin sanyi kankare yana jinkirin kamawa, sai a rage sauri. A lokacin zafi kuma haɗarin ya juya: in aka daɗe, na ƙasa zai bushe, na sama ya ƙi haɗuwa da shi, a samu gaɓa a cikin kankaren kansa.

Haɗin kankaren ma na musamman ne. Ga gurbin inci 6 ana son ƙananan tsakuwa, milimita 10 zuwa 13, da laushin da zai zauna da inci 5 zuwa 6 da rabi a gwajin mazurari, inda ake cika mazurari da kankare a ɗaga shi a auna yadda tulin ya sauka. Mai tauri zai maƙale a kan maɗaurai da rodi ya bar kogo. Mai ruwa da yawa zai ƙara turi ya rage ƙarfi. Laushin daga maganin da ake sawa a masana'anta ya kamata ya fito, ba daga tiyon ruwa a wurin aiki ba. Bakin famfo ana rage shi zuwa inci 3 don kankaren ya sauka a hankali. Ana fara cika ƙarƙashin tagogi ta ramin da aka bari a katakon ƙasan taga, ba a kuma harba kankare kai tsaye cikin kusurwa, sai a tsaya kamar ƙafa 2 ko 3 daga gare ta a bar shi ya gangara. Injin girgiza, wanda ke fitar da iskar da ta maƙale a cikin kankare, siriri ne, bakinsa bai wuce inci ɗaya ba, a tura shi da sauri a zaro a hankali, ya ɗan shiga hawan da ke ƙasa.

Inda suka bambanta shi ne wurin da kowanne ke fashewa. Bulo yana fashewa a inda aka yanka shi aka bar soso mai tsawo ba maɗauri, a kusurwa, a mahaɗar bango uku, da gefen tagogi. Na tsaye yana fashewa ne a ƙasan allo tsakanin sanda da sanda, ko allon ya kuɓuce daga tsaginsa in sandunan sun buɗe. Tazarar da ke tsakanin abin riƙewa tana da tasiri fiye da yadda ido ke gani: in aka ninka ta daga inci 8 zuwa 16, ƙarfin da ke neman karya soson yana ninkuwa sau huɗu. Shi ya sa mai sayen allon tsaye mai faɗi ya kamata ya tambayi kauri da nauyin sosonsa. Kowanne aka ɗauka, a tanadi gutsattsarin falanki da sukuru a gefe. In ya fashe, a tsayar da famfo, a kwashe abin da ya zubo, a mayar da guntun soson, a ɗaura falanki a kai ya kama maɗaurai ko sanduna na hagu da dama, a ci gaba.

Tokara ana kafa ta kowace mita 1.5 zuwa 1.8, mai ƙafar da ake murɗawa. Kafin zubi akan ɗan karkato bangon ciki da 'yan milimita, domin tura bango mai cike da kankare waje ya fi janyo shi sauƙi. Da an gama zubi, kafin ya kama, a ja igiya a sama a miƙar da shi. Bututun ruwa, na wuta da na iskar gas da za su ratsa bango kuwa, tun ran gini ran zane: a sa guntun bututun roba da za su bi ta cikinsa kafin zubi, in ba haka ba sai huda kankare mai rodi.

Abin da ya fi alƙibla muhimmanci

Tambayar da ta kamata a fara yi wa dillali ita ce siffar kankaren da ke ciki. Yawancin bulo na yau suna ba da bango shimfiɗaɗɗe mai kauri ɗaya ko'ina. Wasu na tsaye ma haka. Amma irin na Hobbs an sassaƙa cikin sosonsa yadda kankare zai yi kauri a wajen sanduna da sama da ƙasa, ya sirance a tsakani. Kankare ya ragu, soso ya ƙaru, zafi ya ƙara wahalar ratsawa. A gidan da muka auna, gurbin inci 6 shimfiɗaɗɗe zai ci kusan mita kubik 19 na kankare kafin a cire ƙofofi da tagogi, saboda haka ragin ba abin rainawa ba ne. Sai dai wannan wani bango ne daban. Dokar gina gidajen zama ta Amurka, IRC, da ma'aunin PCA 100 na ƙungiyar masu siminti ta Amurka suna da jadawalin rodi da linta na siffofin da aka saba, wanda magini zai bi kai tsaye. Siffar da ta keɓanta da kamfani ɗaya tana buƙatar takardun kamfanin ko sa hannun injiniya, wuraren da suka sirance kuma sun fi saurin barin kogo in kankaren ya yi tauri.

Sauran ƙa'idoji duk ɗaya ne. Ciki sai an rufe soso da allon jifsam na inci rabi saboda gobara. Rana tana cin fuskar soso ta mayar da ita gari mai ruwan ɗorawa, sai an goge garin kafin filasta ta kama. Abin hana ruwa da za a shafa a ƙarƙashin ƙasa kada ya ƙunshi fetur ko danginsa, domin narkar da soso yake yi. Gara ba ta cin soso, amma tana haƙa hanya a cikinsa ta hau har katakon rufi ba a gani, abin da ya sa IRC ta taƙaita binne soso a yankunan da gara ta yi yawa. Duk mai tunanin kawo wannan gini Kano ko Maraɗi, da wannan zai fara, sannan ya tuna cewa zubi da kwanon kai ba zai fasa soso ba amma zai cika bangon da gaɓoɓi, kuma bango mai riga ba ya hana zafin da ke sauka ta kwanon rufi.

A ganinmu, gida mai kusurwoyi da tagogi da yawa, a hannun magina da ba su taɓa yi ba, bulo ya fi masa. Ba don ya fi ƙarfi ba, sai don dillalansa sun fi yawa, masu koyar da shi sun fi yawa, in guda biyar suka gaza ana samunsu a kusa, guntun da aka yanke a nan kuma yakan shiga can. Dogon bango miƙaƙƙe, ɗakin ƙarƙashin ƙasa a kan gangare, tsayin da bai faɗa kan sahu ba, ko rodi mai yawa da ake son a gani kafin a rufe, nan na tsaye yake biyan kuɗinsa. Sharaɗinsa shi ne awo. Idan kamfani ne zai yanko allunan bisa zane, a auna fandishon da aka riga aka zuba, tsawo da kusurwa da tudu, kafin a tura oda, domin allon da ya gaza da inci 2 ba a ƙara masa, wanda zai maye gurbinsa kuma daga masana'anta zai taso.